Alkamar Iri a Tanderuna

Farkon sanyi ne, an gama yankan dawa, masu noman rani sun soma gyaran fangali a wajen Kadawa. Shekarar ba ta yi wa duk mai cin abinci da fulawa daɗi ba, don ita ce shekarar da gwamnati ta hana shigo da alkama daga waje. Gidajen burodi suka riƙa rufewa. Mu masu tanderu a Tudun Wada kuwa, kowace ta kwana da tunanin abin da za ta kwaɓa gobe. Har gaisuwa ta canja. In kin haɗu da 'yar'uwar sana'a a hanya, kafin ta tambayi yara sai ta matso ta ce, "Kin samu?"

Ku 'yan matan yanzu da kuke kallon waya kuna haɗa abin da kuke kira fiza a kaskon suya, kuna cewa ai abin karin kumallo ne na nan da nan, ban ce ƙarya kuke yi ba. Mu ma nan da nan muke yin tamu. Sai dai saurin a gaban mai saye kawai yake. Abin da ke bayansa shi nake so in rubuta muku, da ɗan rubutun da na koya a ajin yaƙi da jahilci, ku yi haƙuri da shi.

Aikin farko da Gwaggo Ladi, ƙanwar babanmu, ta ba ni a Bebeji shi ne goge cikin tanderu. Tanderu tukunya ce babba ta yumɓu da ake kafawa a lulluɓe da ƙasa. A cika shi da karan dawa a kunna, in harshen wuta ya kwanta, bangon ya yi fari, sai ki jiƙa tsumma ki zura hannu har kafaɗa ki share toka. Ranar farko gashin hannuna duk ya ƙone, na ja da baya ina yarfe hannu. Gwaggo ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Mai jinkiri wuta take ci. Jiƙa hannunki, shiga, fito." Na daɗe ina goge-goge kafin ta yarda in manna ƙullu. Mannawar ma ilimi ce. In ƙullun ya yi ruwa zai zame ya faɗa garwashi, in ya yi tauri ba zai kama bango ba, in tanderun bai yi zafi ba gurasar ta fito kamar tafin takalmi. Duk wadda ta faɗi, Gwaggo takan ciro ta da toka ta ajiye mini, ta ce abincin ranata ke nan.

Ɗora ƙwai a kai ba a gidan Gwaggo na koya ba. Bayan na yi aure na zo Tudun Wada, akwai wani tsohon kuku a unguwarmu, Baba Audu, wanda ya yi aiki a otal ɗin bakin ruwan Bagauda. Wata safiya ya sayi gurasa ya tsaya yana juya ta, ya ce, "'Yata, Turawan da na dafa wa abinci suna cin irin wannan, amma da miya a bayanta ake gasawa." Shi ya nuna mini. A soya tumatir da albasa da attaruhu har ruwan ya ƙone, don in da saura gurasar za ta jiƙe ta yage. A ɗora gurasa a kaskon ƙarfe bisa kurfoti, a shafa miyar, a fasa ƙwai, a marmasa cuku a kai, a rufe da murfin tukunya, a zuba garwashi a bisa murfin. Kafin direba ya gama duba ruwan motarsa ta nuna. Direbobin hanyar Jos suka sa mata suna mai hula. Gidanmu yana bayan tasha, sai Malam, maigidana, ya kafa mini 'yar rumfa a jikin katanga, nan nake zama daga asuba zuwa hantsi.

Cukun kuwa Hajjo ke kawo mini, wata Bafulatana daga wata ruga a gefen dajin Falgore. Da sassafe take shigowa a motar farko ta kai wa masu shayi madara, ta biyo ta rumfata. Ba ma ciniki. Ta ajiye cuku, in naɗe mata gurasa ta kai wa yaranta biyu. Takan ce, "Mai tanderu, zaɓo mini masu laushi, haƙoran gidanmu ƙanana ne." In ce, "Ke dai kin fi kowa tsirfa, nono kike sha kina zaɓen gurasa." Ta yi dariya ta ɗauki ƙwaryarta. Na taɓa zuwa rugarsu suna, lokacin da ta haifi na biyun, Buba.

Da fulawa ta ɓace, babu abin da ban gwada ba. Na haɗa da garin masara, gurasar ta ƙi kama bango. Na haɗa da garin rogo, ta kama, amma in ta huce sai ta yi danƙo. A ƙarshe muka koma sayen tsabar alkama 'yar gida. Wannan aiki ne na wuni guda. Ki surfa a turmi, ki sheƙe dusa, ki wanke, ki shanya, ki kai inji, ki dawo ki tankaɗe da rariyar laushi, ki sake tankaɗewa, don mai hula ba ta son gari mai tsaki. Alkamar ma sai an yi sa'a ake gani. A shekarar yarana koko suke karyawa da shi, gurasa ta fi ƙarfin gidan mai yin ta.

Wata ranar kasuwa na ga wani mutum da ban sani ba zaune can ƙarshen layin 'yan hatsi da alkama a gabansa. Tas take, babu ƙasa, babu ƙaiƙayi, kamar an wanke. Tsabtar ce ta ja ni, ga kuma sauƙi. Na auna abin da zai kai ni kwanaki, na surfa rabi a ranar, na ajiye rabi a kwando. Washegari da asuba na gasa. Kafin in fita rumfa na watsa wa kajina dusar da tsakin, kamar kullum.

Gurasar ranar ta yi kyau, ta tashi, ta yi ja. Kafin hantsi ya dubi ludayi babu ko ɗaya. Hajjo ta zo, na zaɓar mata masu laushi, har na yi mata ƙari don murnar samun alkama. Na kwashe kayana na shiga gida.

A bakin turmi na tarar da kajin. Wasu sun miƙe ƙafa sun sandare, zakaran yana juyawa a ƙasa yana harba ƙafa, kansa a karkace. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Ai lokacin cutar kaji ne, sanyi ya shigo." Na ce mata, to nata fa? Nata suna can suna tono.

Malam ya dawo daga gona a daidai lokacin. Shi yana zuwa ƙwadagon noman rani duk shekara, ya san alkama tun daga iri. Ya dubi kajin, ya ce me suka ci, na gaya masa. Ya ce in kawo ragowar. Ya ɗebi 'yan ƙwayoyi a tafin hannunsa, ya ɗiga ruwa, ya murza, ya fita rana. Kun san ƙwayar alkama tana da tsaga a cikinta. Ya sa farce a tsagar ya nuna mini. Akwai wani ja-ja a can ciki, siriri kamar zare.

"Asabe," ya ce, a hankali, "wannan iri ne. Wanda ake raba wa manoma don shuka. Da hodar maganin ƙwari ake cuɗa shi, ja ce don kada a ci. Wani ya wanke ya kawo kasuwa."

Na ce, "Malam, na sayar duka."

Maƙwabciyar tana jinmu. Ta rage murya ta ce, "Asabe, ki rufa wa kanki asiri. Ki binne kajin nan. In kika fita da maganar nan kin kashe tanderunki, wa zai ƙara cin abin hannunki?" Na ɗauki mayafina na yafa.

Muka raba aiki. Malam ya tafi wurin mai inji ya tsayar da niƙa a wanke injin, daga nan ya shiga tasha ya faɗa, a aika wa direbobin da suka wuce. Ni na nufi ɗakin shan magani wurin Malam Iliya, malamin asibiti, wanda shi ma da mai hula ya karya a ranar. Na same shi ya dafe kai. Da na gaya masa sai ya ce, "To shi ya sa tun ɗazu kaina ke sarawa." Ya tambaye ni yadda na sarrafa ta, na faɗa masa surfe da wanki da tankaɗe. Ya ce yawancin maganin a bawo yake, kaji ne suka kwashi mai yawa. Babba zai yi ciwon kai, wataƙila ya yi amai, in Allah ya so ya wuce.

"Yara ne abin tsoro," ya ce. "Jikinsu ba ya ɗauka. Akwai wanda ya saya ya kai wa yara?"

Na bi fuskokin safiyar a raina. Direbobi, 'yan kamasho, malaman makaranta, duk a gabana suka ci. Mutum ɗaya ce ta naɗe ta tafi da ita.

Ya ce, "Ki same su. In sun ci, kada a ba su madara, kada a ba su manja ko man shanu. Kowa shi yake fara nema, kuma irin wannan maganin maiƙo yake bi ya shiga jiki. A kawo mini su kawai."

Na shiga ƙaramar bas mai zuwa Doguwa. Motar ba ta tashi sai ta cika, ina zaune ina kallon ƙofa, duk wanda ya wuce bai shigo ba sai in ji kamar in jawo shi. A hanya ma kowane ƙauye sai an tsaya, a sauke buhu, a ɗora akuya. La'asar ta yi kafin in sauka kusa da Falgore, na kama 'yar hanyar shanu da na bi ranar suna. Sau da yawa na tsaya ina shakkar ko ita ce, don wancan zuwan da damina ne, yanzu ciyawa ta bushe komai ya zama iri ɗaya. Kashin shanu na bi har na hango bukkoki.

Hajjo tana wanke ƙore a gindin wata kaɗanya. Ta yi mamakin ganina, ta miƙe tana, "Maraba, maraba, mai tanderu, yau a wuro, har rugarmu?" Ta shiga gaisuwa, gida, gajiya, Malam, yara. Ban iya katse ta ba, na amsa har ta ƙare. Sannan na ce, "Hajjo, gurasar ɗazu. An ci?"

Ta ce, "Ga ta can a rataye. Buba ya bi babansa kiwo tun kafin in dawo, bai taɓa ba. Na ajiye masa sai dare."

Na ce ta sauko da ita, na gaya mata abin da ya faru. Ta riƙe baki. Na karɓi ƙunshin na riƙe, na zauna a kan wani turmi ina hamdala. Na ce, "To kowa lafiya?" Ta ce, "Jam. Lafiya lau." Ta kawo mini ruwa na sha, na ce zan koma kafin motoci su ɗauke. Ta rako ni har bakin garke.

A nan na tsaya. Ƙunshin da ke hannuna bai kai nauyin wanda na ba ta da safe ba. Kuma a duk maganarmu Buba kaɗai ta ambata. Hajjo tana da 'yar fari, Shatu, yarinya ƙarama da ba ta isa tallan nono ba. Mu ma Hausawa muna kunyar ɗan fari, amma tasu ta fi tamu nisa. Ba ta kiran sunanta, ba ta nuna ta san da ita a gaban mutane, ko a ranar sunan Buba ban ga ta dube ta ba. Na tambayi uwa labarin yara, ta ba ni labarin wanda bakinta zai iya faɗa.

Na ce, "Hajjo, ita waccan fa?"

Ta sunkuyar da kai, ta kama bakin zanenta tana murzawa. Nan na gane yarinyar ta ci.

Na juya da gudu, ban taɓa gudu a gaban surukan wani ba sai ranar. Na nufi bukkar tsohuwa, uwar mijinta, wadda ke riƙon yarinyar. Ina sallama ina shiga. Shatu tana kwance a kan tabarma, ta yi amai, idonta a buɗe amma ba ni take kallo ba, yatsunta suna ta motsi su kaɗai. Tsohuwar ta tallafo kanta, da 'yar ƙwarya cike da madara a ɗaya hannun.

Na ce, "Inna, don Allah kada ki ba ta."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Wace ce wannan? Kosam ne, madarar shanunmu. Tun kakanninmu da shi muke kashe dafi."

"Inna, gurasata ta ci, akwai maganin ƙwari a ciki. Malamin asibiti ya ce madara tura shi take yi cikin jiki."

"Ke kika ba ta guba, ke kuma za ki hana ta magani? Kaɗo, Bahaushiya, ta zo har wuro ta koya mini nono?"

Ta kai ƙwaryar bakin yarinyar. Na durƙusa na riƙe gefen ƙwaryar da hannu biyu. Ban fizge ba, ban kuma saki ba. Na ce, "Inna, ki zage ni, ki doke ni, na yarda. In ta sha ta mutu, ni da ke ne. In ba ta sha ba, duk abin da ya same ta ni kaɗai ce, ki faɗa wa kowa haka." Muna riƙe da ƙwaryar mu biyu, madarar tana tangaɗi tana zuba a hannuna, sai jikin yarinyar ya ɗauki karkarwa gaba ɗaya, haƙoranta suka datse. Tsohuwar ta saki ƙwaryar ta rungume ta tana salati.

Sai muka ji murya daga bakin ƙofa. Hajjo ce, ba ta shigo ba, bayanta ta juyo mana. Ta ce, "Inna, a bar mai tanderu ta ɗauke ta."

Na goya Shatu da mayafina. Maza duk suna kiwo, mu uku muka kama hanya, tsohuwa a gefena, Hajjo a baya da ɗan nisa. Yarinyar tana da zafi a bayana, in ta yi shiru sai in girgiza kafaɗa har in ji ta yi nishi. A bakin titi motoci suka yi ta wucewa, don in rana ta yi ƙasa direba ba ya son tsayawa a wannan dajin. Wata motar itace ce ta tsaya, direban ya san ni, ya leƙo ya ce, "Mai hula? Ke ce aka ce kin zuba mana guba?" Na ce, "Ni ce. Ka taimaki yarinyar nan." Ya dubi bayana, ya buɗe ƙofa.

Malam Iliya bai tashi ba, yana jiranmu. Ya yi mata allura, karkarwar ta lafa, ya ɗaura mata ruwa. Ya tambaya ko an ba ta madara, tsohuwar ta ce a'a, ba ta dube ni ba. Ya ce, "In ta kai safe ba ta sake ba, ta tsallake." A can muka kwana. Tsohuwa a bakin gado, ni a ƙasa, Hajjo a waje jikin taga, ta ƙi shiga.

Ana kiran assalatu Shatu ta motsa ta ce ruwa. Malam Iliya ya duba idonta, ya ce a ba ta kaɗan-kaɗan. Na fita na sami Hajjo a tsaye inda na bar ta, na ce, "Ta farka, ta sha ruwa." Ta ce, "To." Sai ta sulale ta zauna a ƙasa ta ja mayafi ta rufe fuskarta, na bar ta.

Ina alwala tunanin ya zo mini. Mutumin nan na kasuwa, buhun da ya auna mini ya riga ya yi rabi kafin in zo. Ba ni kaɗai ya auna wa ba, kuma a shekarar babu mai sayen alkama sai mai tanderu. Na yi salla, na biya gida na ƙulle 'yar alkamar a bakin zanena, na fita bin gidajen 'yan'uwan sana'a tun gari bai gama wayewa ba. Gidan farko ba su saya ba. Na biyu ma haka. Ina dosar na gaba na hango hayaƙin kara yana tashi ta saman katanga. Na shiga ko sallama ban ƙarasa ba. Matar gidan ta goge tanderu, ta jiƙa hannu, ta yanko ƙullu, yaranta suna zaune kewaye da ita suna jiran ta farko.

Na kama wuyan hannunta na ce, "Yaya, tsaya. A ina kika sayi alkamarki?"

Ta ce, "Wajen wani baƙo, can ƙarshen layi. Me ya faru?"

Na ɗauke kwanon ƙullun na ɗora a kaina, na ce ta biyo ni waje inda akwai haske, ta zo da ruwa kaɗan.